Faffaɗan Bandirin Malam Bube

Duk wanda ya zo rumfata neman bandiri, ba na tambayarsa girman da yake so. Tabarma nake nuna masa, in sa a kawo shayi, in ya sha in ce ya yi mini baiti ɗaya na madahu, wato yabon Annabi, kowanne ya ga dama. Wasu su ji kunya, wasu su ɗauka raina su na yi. Ni kuwa ba iyawar mutum nake aunawa ba, wurin da muryarsa take zama nake nema. Akwai ta hanci, akwai ta maƙogwaro, akwai wadda sai ta sauka ƙirji take samun sukuni. Sai na ji wannan nake sanin itacen da zan ɗauko.

Ku samarin da ke zuwa nan shan inuwa kuna latsa waya, na san abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai me ke cikin aikin, zoben itace ne aka ɗaura wa fatar akuya, ga na roba ma a kasuwar Sinja har da mabuɗin ɗaurewa. Ban hana kowa saye ba. Amma tunda kun cinye mini gyaɗa, ku zauna ku ji yadda ake yin na gaske.

A wurin Kawu Maccido, ƙanen mahaifiyata, na koya, a nan ƙauyenmu na bakin kogi inda kakanninmu suka yada zango daga Sakkwato. Shekarun farko bai bar ni na taɓa gizago ba. Aikina jiƙa fata a ruwan toka da kankare gashi, har hannuwana suka yi kaushi, 'yan mata suna toshe hanci in na gifta. Ranar da ya miƙo mini gizagon kuwa, ban kai azahar ba na fasa masa itacen da ya yi wata da watanni yana tattali. Bai zage ni ba. Ya sa na ɗauki ɓarin biyu na kai wa matarsa ta hura wuta, na zauna na ci tuwon da aka dafa da su, yana kallona yana tambaya ko ya yi daɗi.

Abin da ba ku sani ba shi ne, namu bandirin, wanda Larabawan nan ke kira tar, ba lanƙwasa katako ake yi ba. Gungumen gawo ake samu, a yanko shi da zarto kamar yadda ake yanka kabewa, a rarake cikin da gizago, a bi da magagari har bangon ya rage kaurin yatsa. Saboda haka faɗin bandiri faɗin itacensa ne, ba ka da ikon ƙara masa ko ƙwayar gero. Ƙaramin gawo yana ba da ƙaramin zobe mai amo a sama, tsohon gawo yana ba da faffaɗa mai amo a ƙasa. Kuma ba ma saran gawo mai rai. Shi ne ke ciyar da awaki da rani, dawar da ke ƙarƙashinsa ma ta fi ta ko'ina kyau, manomi zai iya yafe maka satar rago bai yafe maka wannan ba. Jira muke kogi ya cika da damina ya ci gaɓa ya kayar da wanda kwanansa ya ƙare, in ruwa ya janye mu bi baki da jaki muna dubawa.

Manyan masu sayenmu mutanen masid ne, wato gidan Shehu inda ake karatu da zikiri da ciyar da baƙi. Na riski Shehun da tsufansa. Ɗan siririn mutum ne mai yawan dariya, da kansa yake zuwa rumfar Kawu ya zauna a kan gungume. Yana da wani ɗan ƙaramin bandiri da Kawu ya sassaƙa masa tun suna da ƙuruciya. Kawu ya sha gaya mini cewa a shekarar kogi bai kayar da komai ba sai wani reshe, da shi ya yi, aka kuma yi dace muryar Shehu a lokacin siririya ce. A da'irar zikirin Shehu kowa da abin da ya samu yake shiga. Na ga mai ƙwarya, na ga mai farantin shayi, na ga wani manomi daga Rufa'a da ya zo da gangar da sai mutum biyu ke ɗauka. Shehu yakan ce a bar kowa, in dai Annabi ake yabo.

Da ya rasu, babban ɗansa ya zama halifa, ya rataye ɗan bandirin a ɗakin mahaifinsa. Wannan kowa ya ga dacewarsa. Bayan 'yan shekaru ya ce yana son a yi wani irinsa da za a riƙa buɗe holiya da shi, taron shekara na tunawa da Shehu, don kada na asalin ya lalace. Lokacin Kawu ya kwanta dama, rumfa ta dawo hannuna. Na ga wahala ce in riƙa zirga-zirga zuwa masid ina gwadawa, sai na samu igiyar auduga na auna faɗinsa, na ƙulla ƙulli biyu. Da na gama aikin na bar igiyar a can, ban ma tuna da ita ba.

To, abin nan bai zo rana ɗaya ba, shi ya sa ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Da fari mai buɗe holiya ne kaɗai ke riƙe bandiri mai awon Shehu. Can sai aka ce ai bai kamata na gefensa su sha bamban da shi ba. Can sai faranti da ƙwarya suka zama rashin ladabi. Wani ya tono kaset da aka ɗauki Shehu a wani Mauludi yana da ƙarfinsa, aka yi ta kwafa, yara suka haddace har inda ya tsaya ya yi tari. Daga nan duk wanda ya ɗauki ƙasida ƙasa da yadda take a kaset, sai a ce ya sauya ta. Kafin halifanci ya iso hannun jikan Shehu, Halifa Siddiƙu, igiyata ta samu jakar ƙyalle kore, ana sumbatarta kafin a warware. Ran da na fara ganin haka sai da na cusa bakin rawani a baki don kada dariya ta kuɓuce mini.

Kada ku ɗauka Halifa Siddiƙu mugun mutum ne. Ban san wanda ya kai shi ciyar da mutane ba, ko a shekarar yunwa wutar masid ba ta mutu ba. A zamaninsa ne wasu samarinmu suka dawo daga karatu suna cewa bandiri kansa bidi'a ne, suka gina nasu masallacin a gabas da kasuwa. Suna matsawa daga waje, mutanen masid suna ƙara ƙanƙame abin da ke hannunsu. Ni ciniki ma ya ƙaru mini, don ƙananan gawo ba su da wuyar samu. Na yi ta sassaƙa awo ɗaya kamar mai buga bulo.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne Malam Bube. Tun Shehu na raye shi ke tsaye a damansa, bayan rasuwarsa kuma shi ke buɗe holiya kowace shekara. Manomi ne, yana da 'yar gonarsa ta auduga da dawa, amma in ka ce Bube daga nan har Rufa'a, muryar ake nufi. Da ƙuruciyarsa in ya ɗaga ta, masunta a tsallaken kogi suna amsawa. Ni na yi masa duk bandirin da ya riƙe tun bayan Kawu, kuma ina jin muryar tana sauka a hankali, shekara bayan shekara, yadda ta kowa ke yi. Ba lalacewa ta yi ba. A kunnena ma ta fi daɗi, ta yi kauri ta yi taushi. Sai dai ɗan bandirin yana nan inda yake a sama, shi kuma dole ya miƙa wuya ya kamo shi, jijiyoyi su tashi, gumi ya jiƙa masa jallabiya.

A wata holiya, yana tsakiyar baitin farko, gaban baƙin da suka zo daga Sinja da Damazin, muryar ta tsage. Ya sake ɗauka ta sake tsagewa. Almajirinsa Nuhu, wani direban tarakta mai zaƙin murya, ya karɓa daga baya aka ƙarasa. Bayan sati Halifa ya je gidan Malam Bube da kansa, da buhun sukari, ya gaya masa cikin ladabi cewa in baɗi zai iya kai muryar inda Shehu ya kai, wurinsa na nan, in kuwa ba zai iya ba, ya sa wa Nuhu albarka.

Washegari sai ga Malam Bube a rumfata. Ya sha shayi, bai jira na roƙa ba ya yi mini baiti ɗaya a inda muryarsa take so, can ƙasa, ba tsagewa ba rawa. Sannan ya kira ni da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a nan, ya ce, "Usta Ummaru, ka ji ta dai. Ba ta mutu ba, zamnawa ta yi. Wanga ɗan bandiri ya gudu ya bar ni. Ka nemo min gawo tsoho irina."

Na tuna masa da igiya. Ya ce in Halifa ya ji da kunnensa yadda ƙasidar ke fita lafiya, ba zai tsaya kan zare ba, ai a gabansa aka haife shi. Ni ma a lokacin haka na zata.

Sai aka yi rashin sa'a shekarar ta zo da muni. Ruwa ya yi ƙaranci, kogi bai cika ya kai gaɓa ba, balle ya kayar da wani abu. Na bi baki da jaki har ƙafafuna suka kumbura, ban samo ko reshe ba. Awaki suka rame, fatunsu suka zama kamar takarda, ka ja kaɗan su yage. Masu sayen bandiri suka ɗauke ƙafa, wanda bai ci ba ina shi ina yabo da kiɗa. Na koma gyaran turame da ƙotar fartanya don a samu na cefane. Kuma a wannan yawon ne na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, manyan gawon da na sani tun ina yaro duk sun tafi, saura matasa.

Wani mai lori ya ce mini in na wuce Damazin, inda ake share daji don manyan gonakin tarakta, ana kayar da itatuwan da mutum uku ba sa zagaye su da hannu. Na hau bayan lorinsa a kan buhunan albasa. Abin da na gani a can bai yi mini daɗi ba, fili ne fetal har iyakar gani, sai hayaƙin masu gawayi nan da can. A wurin ɗayansu na tarar da shi a kwance, tsohon gawo, sun riga sun cinye rassan. Gindin ya fi ƙarfina, cikinsa ma ya ruɓe. Amma can sama inda ya fara rabuwa akwai wuri lafiyayye, faɗinsa ya yi na Shehu ɗaya da rabi. Na ƙwanƙwasa da bayan gatari na kara kunne. Masu gawayin suna ta yi mini dariya, wai Bahaushe ya zo gaida itace. Na saya musu shayi da sukari, suka taya ni jan zarto, muka fitar da yanka biyu.

Na farkon ni na kashe shi da gaggawa. Tsohon itace ba ya son a matsa masa, ya riga ya ƙeƙashe, ba ya ba da kai kamar ɗanye. Na rarake shi cikin kwanaki kaɗan na jingine a bango, iskar zafi ta buso, da tsakar rana ina cin abinci na ji ƙara kamar an karya kara. Ko da na duba, ya tsage daga baki har baki. Na biyun sai na bi shi yadda Kawu ke yi. In sassaƙa kaɗan da safe, in shafe shi da man riɗi, in binne cikin ƙaiƙayi a ɗaki mai duhu, in bar shi ya huta. Matata ta ce ko jaririnmu na fari bai samu wannan kulawa ba. Fata kuwa sai a Sinja na samo, ta wani tsohon bunsuru da mahauci ya ce naman ma sai da aka kwana ana dafawa. Na kankare ta, na ɗaura da jiƙonta, na manne da dafaffen ƙaro, na bi da ƙananan ƙusoshi. Malam Bube kullum sai ya biyo ta rumfa, wai hanyar gonarsa ce, alhali gonar tana can yamma, ba ta nan ake bi ba.

Ranar da ya bushe, ya ɗora shi a hannun hagu ya buga sau ɗaya da tafin dama. Amon ya fito a ƙasa, mai faɗi, har na ji shi a cikina. Ya ɗora murya a kai ta zauna daram. Ya yi ƙasidar buɗewa tun daga farko har ƙarshe bai ko share goshi ba. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban yi abin da ya kai shi ba, kuma na sani tun a ranar.

Muka ɗauka muka tafi masid bayan la'asar. Halifa ya tashi ya tarbe mu, ya zaunar da Malam a kan buzunsa. Malam ya yi masa ƙasidar. Ina kallon fuskar Halifa, idanunsa suka cika, don shi ma ya san abin da ya ji. Na ce masa Shehu kansa a shekarunsa na ƙarshe kusan nan yake ɗaukarta, kaset ɗin rana ɗaya ce kawai daga cikin ranakunsa. Na ce masa igiyar nan ma ni na yanke ta don ƙiwar tafiya. Ya ce ya yarda da duk abin da na faɗa. Sannan ya buɗe koren ƙyallen, ya ɗora igiyar a kan bandirin, ƙulli na biyu ya tsaya a kan fata, da sauran tafiya kafin baki. Ya juya ya dubi Malam Bube.

Ya ce, "Ya ammi, ai kai baffana ne, wallahi ka wuce in hana ka komi a gidanga. Amma igiyar ta fi ƙarhina yanzu. In na ƙara yatsa guda, gobe na gabas su ce ga shi nan, kullum cikin ƙirƙira muke. Namu kuma su ce jika ya taɓa abin da kaka ya bari. Ma'alesh, Baba, ka yi haƙuri."

Malam Bube ya daɗe yana shafa bakin bandirin. Daga baya ya ce halas, shi ke nan, a kira masa Nuhu. Nuhu ya zo ya durƙusa yana ta rantsuwa shi bai nema ba. Malam ya dafa kansa ya yi masa addu'a, ya kuma gargaɗe shi ya daina shan ruwan sanyi in yana son wuyansa ya kai shi nesa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na ƙi cin abincin masid, abin da ban taɓa yi ba. A hanya Malam ne ma yake ba ni haƙuri.

Ranar holiya gari ya cika, motoci har bakin kogi. Ni ban je ba, na ce ina da aiki. Bayan la'asar sai ga Malam Bube cikin farar jallabiyarsa ta taro da rawani, ya zauna a tabarmata, ya ce a ba shi shayi. Rumfar nan kun ga ba ta da nisa da masid, ana jin komai. Muka ji an yi shiru, muka ji ƙananan bandirai sun tashi, Nuhu ya ɗauka can sama, tsaf yadda take a kaset. Malam ya saurara da kai a sunkuye, ya ce yaron ya iya.

Da aka zo amshi sai ya miƙa hannu ya ɗauko faffaɗan. Ya fara bugawa a hankali, ya shiga ƙasidar daga ƙasa, yana tafiya tare da su. Ban taɓa jin awon nan biyu a lokaci guda ba, don ba a taɓa barin su sun haɗu ba. Ashe ba sa faɗa. Muryar Nuhu tana tafiya a sama, ta Malam tana ƙarƙashinta tana riƙe da ita. Na ajiye magagarin da ke hannuna. Matan da ke wucewa da akussan tuwon asida za su kai wa baƙi suka tsaya a bakin rumfa, ɗaya bayan ɗaya, kaya a ka, suna saurare. An ce a ranar baƙi sun ci abinci da sanyi, har Halifa ya tambayi dalili aka gaya masa.

Ba a mayar da Malam Bube da'ira ba, igiya kuma tana nan cikin ƙyallenta har gobe. Amma shi a ranar da ya kai ƙarshen ƙasidar, fuskarsa a sake take kamar wanda ya gama girbi. Ya shanye sauran shayinsa da ya huce, ya miƙo mini bandirin ya ce in ɗan shafa wa fatar ruwa, ta ja da yawa.

Ya ce, "Kwayyis, Usta, aikinka ya yi. Amma ka fara neman wani gawon da ya ɗara wanga. Ina jin baɗi zan ƙara sauka."

Na ce masa in sha Allahu zan duba. Ni da shi duk mun san babu sauran irinsa daga nan har bayan Damazin.